Hayar ƙwaƙwalwa a lokacin annoba

A watan Maris na 2022 Majalisar Dattawan Faransa ta fitar da rahoto kan kuɗin da gwamnatin ƙasar ke zuba wa kamfanonin ba da shawara masu zaman kansu. A shekarar 2021 kaɗai abin ya haura yuro biliyan ɗaya. Kan annobar korona kawai an kashe fiye da yuro miliyan 41, kuma miliyan 12 da ɗoriya daga ciki sun shiga aljihun McKinsey, kamfanin Amurka da majalisar ta ce bai biya harajin riba a Faransa ba daga 2011 zuwa 2020. Amma layin da ya tsaya mini a wuya, ni da nake riƙe da alli, shi ne wannan: an biya kamfanin yuro 496,800 domin ya yi nazari kan makomar aikin koyarwa. Da kuɗinmu, kusan sefa miliyan 326 ke nan. Taron da aka shirya nazarin dominsa bai ma gudana ba.

Mai karatu zai ce, to mu a Adar ina ruwanmu da ɓarnar Faransawa? Ruwanmu ya yi tsaki. Daga can muka gaji tsarin mulkin ofis, daga can aka kwaikwayo makarantar horar da ma'aikatan gwamnati ta Yamai. Idan ƙasar da ta haifi Pasteur, mai ɗimbin likitoci da jami'o'i, ta ga sai ta yi hayar baƙi su tsara mata yadda za a raba allurar rigakafi, me ake tsammani daga almajiranta?

Ba na cewa McKinsey ya zo Tawa. Namu salon daban ne, kuma ya girmi korona. Tun daga gyaran tattalin arziki da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka ɗora mana a shekarun 1980, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, aka cika azuzuwa da malaman kwantaragi. Gurbin da aka bari sai ofisoshin nazari suka cike shi. Duk wani shiri na masu ba da tallafi yana zuwa da ƙwararrensa, da motarsa, da taronsa na ƙara wa juna sani a otel, da kuɗin zama. Sau da yawa ƙwararren nan tsohon ma'aikacin gwamnati ne da ƙarancin albashi ya kora. Abin da ya koya da kuɗin talakawa shi yake sayar wa gwamnatin da ta horar da shi, da tsada ninkin ba ninkin. Ba na ganin laifinsa. Yana da iyali. Laifin na wanda ya rushe rumbunsa ne ya koma awo a kasuwa.

Mu tuna 2020. An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar ranar 19 ga Maris, washegari makarantu suka rufe, ba a buɗe su ba sai 1 ga Yuni. An rufe masallatai har tsakiyar Mayu. A ƙauyukan Bambeye, inda kusan kowane gida yake da ɗa a Abijan ko Libiya ko Najeriya, rufe iyakoki ya fi cutar kanta ciwo, don kuɗin aike ya tsaya ana gab da damina. Wa ya zauna da mutane ya yi musu bayani? Ma'aikacin ɗakin shan magani, da liman, da maigari, da muryar gidan rediyon karkara, da mushen lakkol da aka sallami ɗalibansa. Waɗannan ne suka yi rigakafin sanƙarau a 2010 da 2011, su ne ke bin gida-gida da ɗigon shan-inna, su ne kuma suka tari kwalara a 2021.

Wata rana a lokacin aka kawo mana takardun faɗakarwa na mannawa a bango, aikin wani ofishi da ba zan ambata ba. Takarda mai sheƙi, zane mai kyau. Hausar kuwa Faransanci ce da aka sa wa rawani: an bi kalma da kalma har saƙon nesanta da juna ya koma kamar ana umartar mutum ya yanke zumunci. Wani dattijo ya sa na karanta masa, ya girgiza kai ya ce, “Malam, wannan ba da mu suke ba.” Ɗalibin aji uku na kwaleji zai gyara ta a kyauta.

Masu kare wannan ɗabi'a suna cewa annoba gaggawa ce, gwamnati kuwa tafiyar hawainiya gare ta. Akwai gaskiya a ciki. Sai dai gaggawar nan ita ce ƙofar da ake bi a ba da kwangila ba tare da gasa ba. A Ingila an biya wasu mashawarta fiye da fam 6,000 a yini ɗaya cikin shirin gwaji da bin sawun masu cutar, daga baya kwamitin majalisarsu ya ce bai ga hujja bayyananna cewa shirin ya rage yaɗuwarta ba. A nan gida, rahoton Kotun Binciken Kuɗi da ya fito a 2022 ya nuna an sayi kayan yaƙi da korona a farashin da ya zarce na kasuwa nesa ba kusa ba. Katifa aƙalla ana iya tambayar kuɗinta a babbar kasuwar Tawa a gane an yi cuta. Shawara fa, a wace rumfa ake tayata?

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyoyin malamai da na raya al'adu su nemi abu ɗaya mai sauƙi: duk kwangilar nazari ko fassara ko faɗakarwa da aka biya da sunan jama'ar wata gunduma, a liƙa sunan wanda ya karɓa, da adadin kuɗin, da aikin da ya miƙa, a ƙofar ofishin magajin gari, da Faransanci da Hausa da Tamajak. Fassarar Hausar, mu za mu yi.