Mazubi Da Gunki: Me Ya Haɗa Kifi Da Kaska?

Akwai wata ɗabi'a da ta zauna mana daram, mu 'yan boko da malaman zaure baki ɗaya, wato yanke wa abu hukunci tun daga jin sunansa, ba tare da mun tsaya mun ga yadda ake yin sa ko abin da ake yi da shi ba. Da an ambaci mutum-mutumi sai fuska ta tsuke, a yi a'uziyya, a kawar da zance. Da an ce wane yana kwafar siffar hannu ko ƙafar ɗan'adam yana zubawa a mazubi, sai a ce ya kama hanyar maguzanci. Wannan ƙyama da ba ta rarrabe aya da tsakuwa ta jawo mana asarar da ake iya gani da ido a titunan Maiduguri, kuma lokaci ya yi da za a faɗi haka a fili.

Bari mu fara da abin da ya fi muni, don kada a ce mun ɓoye shi. A wajajen 1996 wani mai sassaƙa a Kaliforniya ta Amurka, Matt McMullen, ya fara ƙera 'yar tsana mai girman cikakkiyar mace da robar silikon, aka sa mata suna RealDoll, ana sayar da guda a kan dubban daloli. Abin da masu saye ke yi da ita ba zancen da ya dace da wannan mujalla ba ne, mai hankali ya riga ya gane. Daga baya masana'antun Sin da Japan suka shiga harkar, har aka sami mutane a Turai da Amurka da suka mayar da ɗakunan gidajensu maƙera, suna sake wa 'yar tsanar tasu kunne ko haƙori ko yatsu yadda ransu ke so. Sukan kwaɓa wani gari da likitocin haƙori ke ɗaukar awon baki da shi, wanda ake samu daga ciyawar teku, su shafa a gaɓar da suke son kwafa, su tallafe shi da bandejin filasta har ya sandare. Idan an zare, ga rami mai siffar gaɓar, har da zanen fata. A cikinsa ake zuba filasta a sami kwafi, daga kwafin a yi mazubi mai ɓari biyu, sannan a haɗa ruwan silikon kashi biyu, a ɗiga launi, a kori kumfar iska, a zuba, a jira.

Ba mu zo kare waɗannan mutane ba. Wanda ya bar 'ya'yan mutane ya koma zaman aure da roba, kaɗaici ya riga ya gama da shi, addu'a ta fi dacewa da shi. To, amma fa a dubi aikin hannun shi kansa. Wannan bi-da-bi da muka zayyana, in an cire niyyar mai yi, shi ne kusan yadda ake yi wa wanda ya rasa yatsa ko kunne ko hanci madadi. Can ana ɓarnatar da gwaninta a kan shirme, nan kuwa muna da dubban mabukata, mun kuma haramta wa kanmu koyo saboda sunan da muka laƙaba wa abin.

Tun daga 2009 da wutar rikicin Boko Haram ta kama, Borno ta san abin da bam ke yi wa jikin mutum. An tashi bama-bamai a Kasuwar Monde fiye da sau ɗaya a 2014 da 2015, manoma da masu neman itace sun taka nakiyoyi a daji, ko a Yunin 2024 an kai hare-haren ƙunar baƙin wake a Gwoza. Kafin rikicin ma akwai masu rasa gaɓoɓi ta hanyar haɗarin mota, da ciwon suga, da ɗorin gida da aka ɗaure tamau har jini ya daina gudu, naman ya mutu. Daga 2016 ƙungiyar agaji ta ICRC ta riƙa kai waɗanda aka yanke wa ƙafa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, tafiyar kusan kilomita 600, don a yi musu ta roba. Sai a 2020 aka buɗe cibiyar wannan aiki a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, da taimakon ƙungiyar. Abin a yaba ne ƙwarai. Sai dai duk wanda ya leƙa yadda ake aikin zai ga cewa zubi ne tsagwaronsa: a naɗe dungun da bandejin filasta, a zare, a cika ramin da filasta, a sami kwafin dungun. Daga nan gwani ya ɗauki magagari, ya rage inda nama zai iya ɗaukar nauyi, ya ƙara inda ƙashi ya turo don kada ya gogu, sannan a gasa fallen wata roba mai tauri a tanda, a lulluɓa a kan kwafin, a zuƙe iska har ta kama siffar. Kuskuren da bai kai faɗin farce ba kan zama gyambo. Yaro kuwa girma yake yi, kwarmin da ya dace da shi bana ba zai shige shi baɗi ba, dole a sake. Ashe ke nan aikin na bukatar hannuwa da yawa, a kusa da mai bukata, shekara da shekaru, kuma ƙungiyar agaji baƙuwa ce, ran da ta naɗe tabarmarta sai mu.

Ina hannuwan? Suna nan a bayan kasuwanninmu, cikin hayaƙi, ba mai yi musu kallo na biyu. Masu zubin tukunyar dalma muke nufi. Mutum ya ɗauki tsohuwar tukunya ya kifa cikin akwatin katako mai ɓari biyu, ya cika da rairayi mai danshi, ya daddanna da ƙafa da taɓarya, ya raba akwatin, ya zare tukunyar ba tare da ƙwayar rairayi ta zube ba, ya mayar, ya bar kafar da ruwan ƙarfe zai bi. A gefe yaro na juya ƙafar keke yana hura gawayi har gwangwanaye da tarkacen inji su narke, abin da ke bukatar zafin da ya kai awo 660. Cikin 'yan mintoci ga sabuwar tukunya, wani lokaci har da sunan amarya a jikinta. Wannan mutum ya san yadda ake raba mazubi, ya san inda iska ke maƙalewa, ya san ƙarfe na tsukewa idan ya huce, alhali ko sunansa ba ya iya rubutawa da boko. Rabin ilmin da ake nema yana tafin hannunsa.

Kada a ce mun mayar da shi waliyyi. Wani bincike da aka buga a 2014 a kan irin waɗannan tukwane a Kamaru ya nuna suna sakin gubar darma cikin abinci, saboda tarkacen da ake narkawa ba a tantance su. Wannan ma hujja ce a kanmu. Da masana kimiyyar jami'o'inmu na zama da maƙera, da tuni an nuna musu abin da za su ware daga tarkacen. Mun bar su da jahilcin da muke iya gyarawa, sun bar mu da jahilcin da suke iya gyarawa, kowa na yi wa ɗan'uwansa kallon hadarin kaji.

Mutanen Indiya sun nuna abin da kan faru idan likita ya sauko daga bene. A 1968, a birnin Jaipur, likitan ƙashi P. K. Sethi ya lura cewa talakawan da aka ba ƙafar roba irin ta Turawa suna jefar da ita su koma kan sanda, domin an yi ta ne don mai sa takalmi, mai zama a kujera. Sai ya haɗa kai da wani mai sana'ar hannu, Ram Chandra Sharma, wanda ba shi da digiri, suka yi mazubin tafin ƙafa ta hanyar zubin rairayi irin na maƙeran gargajiya, suka gasa roba a ciki. Ƙafar da ta fito tana lanƙwasa, mai ita na iya tsugunawa, ya harɗe a ƙasa, ya shiga gona mai laka ba takalmi. A yi tunanin manomin Konduga ko mai kamun kifin Baga: zaman tabarma, da tsugunon alwala, da sujada, da zaman tahiya. Ƙafar da ba ta san waɗannan ba, ko daga ina ta fito, rabin ƙafa ce. Wa zai gaya wa injiniyan Jamus yadda ake zaman tahiya?

Haka batun launi. A Uyo ta Jihar Akwa Ibom, wani mai sassaƙa, John Amanam, wanda a da yake yi wa 'yan fim kwalliyar raunukan ƙarya, ya ga ɗan'uwansa ya rasa yatsu, madadin da ake samu kuwa duk na farar fata ne. Sai ya koya wa kansa zubin silikon, ya shiga yin yatsu da kunnuwa da hannuwa masu launin baƙar fata, har jaridun duniya suka ba da labarinsa a 2020. Tun a Yaƙin Duniya na Farko ma masu sassaƙa ne, Francis Derwent Wood a Landan da Anna Coleman Ladd a Faris, suka riƙa kwafar fuskokin sojojin da harsashi ya ɓata da filasta, suna yi musu marufin jan ƙarfe mai siffar fuskarsu ta da. A duk waɗannan wurare, wanda ya koyi siffanta jikin mutum don fasaha shi ne ya dawo ya rufa wa mai rauni asiri.

Za a ce mana addini ya hana. To, a nan sai a yi adalci. Haramcin gunki ba abin jayayya ba ne, kuma maganar malamai a kan cikakkiyar sura mai inuwa sananniya ce. Amma malaman nan su ne suka karantar da mu labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Wannan hanci wani ne ya ƙera shi, kuma sai da ya dubi hancin mutane kafin ya ƙera. Su ne kuma suka karantar da mu cewa Nana A'isha ta yi wasa da 'yan tsana. Ko Hukumar Hisba ta Kano, da ta hana teloli da masu kantuna amfani da mutum-mutumi a 2021, ta bambance: ta ce a cire kai, a suturta jiki. Ana iya yi mata gardama a kan ko wannan ne abin da ya fi damun Kano a wannan shekarar, mu ma muna da tamu, amma dai ta nuna akwai iyaka, akwai kuma abin da ke bayan iyaka. Mu ne 'yan bin yarima muka zarce, muka haɗa gunki da 'yar tsana da ƙafar gurgu muka ɗaure a dami ɗaya. Wani abin dariya, mutum-mutumin da ke tsaye a shagunanmu sanye da shadda da leshi daga waje ake shigo da shi, da dogon hanci da farar fata. Ba mu ƙi saye ba, yi ne muka ƙi.

Wai kuma ba al'adarmu ba ce. Wannan ita ce maganar da ta fi ba mu haushi, domin ƙasar da muke takawa ta ƙaryata ta. A 1965 da 1966 Graham Connah ya haƙa tudun Daima, kusa da Ngala, ya tono 'yan siffofin shanu da wasu dabbobi da mutane na yumɓu, da kayan ado na tagulla. A shekarun 1990 masana daga Frankfurt tare da na Jami'ar Maiduguri sun tono irin waɗannan siffofi a Gajiganna, masu shekaru fiye da 3,000. A 1935 R. E. Ellison ya rubuta bayanin wasan 'yan tsana da ya gani a Borno, irin wanda Hausawa ke kira dabo. Maƙeran farfaru na Kano da Bida sun daɗe suna zubin munduwa da ƙarau da kayan doki. A tatsuniya ma, da me aka kama Gizo in ba da budurwar danƙo ba? Wane yaro ne a cikinmu bai gina sa da laka a bakin kududdufi ba, ya kafa masa ƙahon ƙaya?

Saura mu, ma'abota harshe da adabi, kuma laifinmu ba ƙarami ba ne. Muna tura ɗalibai su rubuta kundi a kan kirarin maƙera da camfe-camfen maƙera da waƙoƙin maƙera, kundi bisa kundi, ƙura na ci, ba a sami mai zama wata guda a gindin zuga-zugi ya rubuto yadda ake zubin ba, da sunan kowane ƙarfe da kowane motsi. Marubutanmu sun cika littattafai da jaruman da suka yi haɗari a mota mai tsada, aka fita da su waje, suka dawo garau. Gurgun da ke jan jiki a bakin danja, wanda ɗalibin nan ke wucewa kullum kafin ya iso aji, bai sami ko shafi ɗaya ba. Har yau mai aikin ƙafar roba a asibiti da Ingilishi yake tunani, ya juyo ya yi wa mara lafiya kame-kame da Hausa ko Barbarci, saboda ba mu ba shi kalmomi ba.

A harabar nan akwai sashen zane da sassaƙa, akwai na injiniya, ga asibitin koyarwa, ga Kwalejin Fasaha ta Ramat a cikin gari, ga masu zubin tukunya. Abin da muke nema bai fi ƙarfin kowa ba: a buɗe ɗaki guda inda ɗalibin sassaƙa zai koyi kwafar dungu a ƙarƙashin idon ƙwararren asibiti, a ɗauko maƙerin kasuwa a biya shi a matsayin malami, ba a matsayin abin nazari ba, a sa ɗalibin Hausa da na Barbarci su zauna da littafi suna rubuta abin da ake yi da harshen da mai dungun zai gane. A kuma gayyato malaman fiƙihu su ga aikin da idonsu kafin a tambaye su hukunci, domin yawancin fatawar da ke yawo a kan wannan batu an ba da ita ne a kan suna, mai ba da ita bai taɓa ganin mazubi ba.