Mai Janye Ƙara Ya Biya, Amma Yuro 550 Ai Wasa Ne

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen ƙagaggun labarai, mu leƙa ofishin rajistar tambarin kasuwanci na Tarayyar Turai da ke Alikante a ƙasar Sifen. Mu da muke ƙirƙirar suna da tambari muna mannawa a bangon littafi, zancen bai yi mana nisa ba.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙaramin mai sana'a ya nemi rajistar tambarinsa, wani babban kamfani ya ce ya yi kama da nasa, ofishin ya ba ƙaramin gaskiya. Kamfanin ya biya Yuro 720 ya ɗaukaka ƙara. Dole ƙaramin ya ɗauki lauya, a shafe watanni ana musayar takardu. Da kamfanin ya hango faɗuwa, sai ya janye.

Sashe na 109 na dokar 2017 ya ce wanda ya janye shi zai ɗauki kuɗin da abokin shari'arsa ya kashe, sai dai in sun sasanta a kan wani rabon daban. Wasu na ganin an tsananta, wai mai janyewa ya hutar da kowa, a yafe masa. Ba mu yarda ba. Wanda ya tashe ka daga barci ya kore ka da gudu ba ya neman godiya don ya daina binka a tsakiyar hanya.

Inda muke ja da dokar shi ne adadin. Kuɗin lauyan da ake mayarwa a matakin ɗaukaka ƙara ba ya wuce Yuro 550, ko nawa ka kashe. Hujjarsu ita ce kada tsoron asara ya hana marar ƙarfi neman haƙƙinsa, kuma hujja ce mai nauyi, mun amince. Sai dai iyakar da aka sa don kare talaka ta zama rangwame ga mai kuɗi. Kamfanin da ke da lauyoyi a kan albashi ya san farashin wahalar da kai tun kafin ya fara, ya kuma ga da araha. Kai kuwa ka yi nasara, ga bashin lauya a wuyanka.

A Ingila ma akwai irin wannan ma'auni, amma jami'in da ke sauraron ƙarar yana da ikon wuce shi idan wani ɓangare ya yi halin rashin hankali ko jan lokaci da gangan. Wannan ƙofar muke so a buɗe a Alikante, musamman ga wanda ya jira sai abokin shari'arsa ya gama biyan lauya sannan ya janye.