Tsarin tazarar haihuwa a Illela

Tsarin tazarar haihuwa a Illela shi ne yadda manufofin Najeriya kan tsarin iyali suke aiki a Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, wadda ke iyaka da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar. Illela na cikin yankin gabashin Sakkwato da hare-haren 'yan bindiga suka daidaita, don haka batun ya zama na yadda za a sake kai hidimar lafiya ga matan da rikici ya raba da asibiti.

Tarihin manufar

Najeriya ta fitar da manufarta ta farko kan yawan jama'a a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, inda aka ba da shawarar 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Mutane da yawa a Arewa sun ɗauke ta a matsayin ƙayyade iyali, suka juya mata baya. An sabunta ta a 2004 da kuma 2022. A 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da magungunan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta, sannan a 2014 aka ba ma'aikatan lafiya na matakin farko damar yin allura da sa ashanar hannu.

Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 12 cikin 100 na matan aure ne ke amfani da hanyoyin zamani a Najeriya, a Sakkwato kuwa kashi 2 kacal. A lokacin, mace a jihar tana haihuwar 'ya'ya 7 a matsakaicin lissafi.

Tasirin rashin tsaro

Allurar tazara sai an maimaita ta duk bayan wata uku, ƙwaya kuma kullum ake sha. Idan ma'aikaciyar asibitin ƙauye ta gudu, ko hanya ta yi haɗari, kariyar ta yanke ke nan. An kai munanan hare-hare a ƙananan hukumomin Illela da Goronyo a Nuwamban 2021, kuma tun 2019 dubban mutane daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suke gudun hijira zuwa jihohin Maraɗi da Tawa. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, sun ƙara takura zirga-zirga tsakanin Illela da Ƙonni.

Misalin Ruwanda

Ruwanda na cikin ƙasashen da aka fi kafa misali da su. Kafin kisan ƙare dangi na 1994, kashi 13 na matan aure ke amfani da hanyoyin zamani. Adadin ya faɗi zuwa kashi 4 a 2000, saboda asibitoci sun rushe, kuma iyalai na son mayar da gurbin waɗanda suka rasa. Zuwa 2010 ya kai kashi 45. Daga cikin dalilan har da ma'aikatan lafiya kusan 45,000 da ƙauyuka suka zaɓa daga cikinsu. Sai dai a Ruwanda yaƙin ya ƙare kafin a fara gyara, a gabashin Sakkwato kuwa har yanzu ana kai hari.

Addini da al'ada

Tazara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. Shayarwa ta shekara biyu sananniya ce a Musulunci, kuma al'ada na ƙyamar kwanika, wato ɗaukar ciki kafin a yaye yaro. Malamai da yawa sun halatta tazara don lafiyar uwa da jariri idan ma'aurata sun yarda, amma sun ƙi ƙayyade yawan 'ya'ya. Da yake izinin zuwa asibiti galibi a hannun maigida yake, Nijar ta ɓullo da Makarantar Mazaje a jihar Damagaram tare da hukumar UNFPA, inda magidanta ke wayar wa 'yan uwansu kai.

Ƙalubale

Abubuwan da ke gaban masu tsara manufa su ne horar da mata 'yan gari waɗanda ba sa barin ƙauyensu, samar da magani ba yankewa, da kai hidima ga 'yan gudun hijira ta kowane ɓangaren iyaka. Kuɗi ma matsala ne, domin dakatar da ayyukan hukumar USAID a 2025 ya rage tallafin da aka daɗe ana dogaro da shi, nauyin ya ƙara komawa kan kasafin jiha da na tarayya.