KIMIYYA A SAUƘAƘE: In Kwamfuta Ta Sanƙare Bayan Ƙarin Kaya, A Fara Tuhumar Baƙo

A wannan mako filin nan zai duba wani ciwo da ya addabi masu kwamfutar tafi-da-gidanka, musamman ɗalibai da ƙananan ma'aikata waɗanda ba su da halin sayen sabuwa. Mutum ne zai ga kwamfutarsa ta yi nauyi, sai ya ɗauke ta zuwa kasuwa, irin su Computer Village ta Ikeja a Legas, a ƙara mata ƙwaƙwalwar aiki wadda masu gyara ke kira RAM, a kuma cire tsohuwar ma'ajiya mai faifai a sa mata SSD. Kwana biyu tana gudu kamar barewa. Ran nan yana tsakiyar rubutu sai ta tsaya cik, kibiyar linzami ba ta motsi, madannai ba sa amsawa, ba yadda zai yi sai ya danne maɓallin kashewa, aikin awa uku ya bi ruwa.

Abin da akan yi a nan shi ne a koma wurin mai gyara, shi kuwa ya ce ƙwayar cuta ce ta shiga, a wanke kwamfutar a zuba sabon Windows. A yi asarar kuɗi, wani lokaci har da takardun da ba su da kwafi, bayan mako guda kuma ciwon ya dawo. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Alhali kuwa hankali ya nuna cewa gidan da ake zaune lafiya, in aka yi baƙo kaya suka fara ɓacewa, baƙon ake fara yi wa tambaya. Kwamfutar da ba ta taɓa sanƙarewa ba sai bayan an buɗe cikinta, abin da aka sa mata shi ne abin tuhuma na farko.

Kafin a taɓa komai, wajibi ne a kwashe muhimman takardu zuwa filas ko wata ma'ajiya ta waje, domin kowace kashewar dole tana iya lalata abin da ake cikin ajiyewa. Daga nan sai a lura da irin sanƙarewar. A danna maɓallin Caps Lock. In ɗan hasken da ke nuna shi bai kunnu ba, kibiya ma ta tsaya, kuma kwamfutar ba ta farfaɗo da kanta ba, to zargi ya fi karkata ga ƙwaƙwalwar aiki ko zafi. In kuwa kibiya tana yawo amma manhajoji sun ƙi amsawa, bayan rabin minti ko minti guda komai ya dawo daidai, to ma'ajiya ce ke yin shiru ana jiranta.

A ɗauki ƙwaƙwalwar aiki tukuna, domin a nan aka fi yin kuskure. Akwai iri biyu masu kama da juna kamar tagwaye, wato DDR3 da DDR3L. Dukkansu haƙora 204 gare su, kuma rami ɗaya suke shiga, amma ta farko tana cin wuta bolt 1.5, ta biyu kuwa bolt 1.35. Kwamfutocin cinya masu injin Intel na zubi na huɗu, waɗanda suka fito daga shekarar 2013, mai bolt 1.35 suke bukata. In aka cusa musu ɗayar, wata kwamfutar ba za ta tashi ba sam, wata kuma za ta tashi ta riƙa sanƙarewa ba gaira ba dalili. Mai sayarwa zai ce ai ta shiga, amma shiga rami daban, dacewa daban. Takardar da ke manne a jikin ƙwaƙwalwar tana faɗin gaskiya: PC3 ko PC3L. Daɗin daɗawa, haɗa tsohuwa da sabuwa na kamfanoni daban-daban masu saurin da bai zo ɗaya ba yana iya kawo irin wannan rikici, haka ma wadda ba ta zauna sosai ba har ƙugiyoyin gefe biyu suka kama ta.

Gwajin ba ya cin ko kwabo. A kashe kwamfuta, a zare waya da batir in mai ciruwa ne, a cire sabuwar ƙwaƙwalwa a bar tsohuwar ita kaɗai, a yi aiki kwana biyu ko uku. In lafiya ta samu, an kama ɓarawo. Sannan akwai manhajar MemTest86, wadda Chris Brady ya fara rubutawa a 1994, ana ɗora ta a filas a bar ta tana bincike dare guda. Kuskure ko da ɗaya ne ta nuna, wannan ƙwaƙwalwa ba abin amincewa ba ce, sai a mayar wa mai ita.

Ita kuwa SSD, sau da yawa laifin yana cikin 'yar manhajar da kamfani ya dasa mata, ko kuma dabarar tattalin batir da ke sa ta gyangyaɗi ta kasa farkawa da wuri. Misali sananne shi ne na samfurin Crucial m4, wanda aka gano cewa in ya cika awa 5,184 yana aiki sai ya riƙa ɗaukewa duk bayan awa guda, har kamfanin ya fitar da gyara a watan Janairun 2012. Saboda haka a nemi sabuwar manhajar daga kamfanin da ya ƙera ma'ajiyar, a sabunta BIOS, a kuma gwada kashe tattalin wutar ma'ajiya a cikin Windows. Wanda ya cire injin faifan DVD ya sa ma'ajiya ta biyu a gurbinsa, shi ma ya zare ta ya gani.

Zafi shi ne na ƙarshe. Mai gyara yakan manta ya mayar da wayar fanka, ko ya ɗaga ƙarfen sanyaya bai shafa sabon mai ba. In sanƙarewar ta fi zuwa lokacin aiki mai nauyi, gindin kwamfutar kuma ya yi zafi fanka ba ta huci, sai a sake buɗewa.

Sharaɗin duk wannan bincike guda ɗaya ne: abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a jira a ga sakamako, a rubuta. Wanda ya sauya uku rana ɗaya, ko ciwon ya tafi bai san maganin ba, ko ya dawo bai san masomin ba. Mai shirin ƙarin kaya kuma kada ya bar wa mai gyara tsofaffin, domin su ne shaidunsa ranar da rigima ta taso, kuma ya karɓi rasit da alkawarin canji. Araha ba ta ado.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya yarda.