Malamin Da Ke Auna Magani

Kowane falke ya san kasuwa ba ta zama lafiya sai da mai awo amintacce. To, haka sha'anin magani ya ke. Akwai wani fannin ilmi a jami'o'i wanda aikin ma'abocinsa shi ne ya tara dukan gwaje-gwajen da aka yi bisa magani guda, ya ware mai ƙarfi daga mai rauni, kana ya bayyana abin da suka haɗu a kai. Malamai ba za su ga baƙon abu a nan ba, gama haka a ke bin ruwaya: a dubi wanda ya kawo ta, a gwada ta da 'yan'uwanta.

Wanda ya ta da wannan magana wani likita ne mutumin Sikotilan, Archie Cochrane. A 1972 ya wallafa littafi, yana kukan likitoci na ba da magunguna ba da tabbatacciyar hujja ba. A wannan shekara kuwa aka yi gwaji a Niyu Zilan, aka ga wata allura mai araha tana ƙarfafa huhun jariri in an yi wa macen da naƙuda ta zo mata kafin lokaci. Waɗansu gwaje-gwaje suka biyo baya, amma ba a haɗa kansu ba. Sai a 1990 likita Patricia Crowley da abokan aikinta suka buga sakamakonsu a haɗe, ya tabbata allurar tana rage mutuwar bakwaini. A tsakanin nan jarirai da yawa sun rasu, alhali maganin yana nan, hujjarsa ce ke warwatse cikin takardu.

A 1993 aka kafa ƙungiya da sunan Cochrane a Okisfod don wannan aiki, tana kuwa da reshe a Kalaba. A 1999 Ingila ta kafa hukumar NICE, wadda ke gwada amfanin magani da tsadarsa, ta ba asibitocin Gwamnati shawara.

Hanyar wannan ilmi doguwa ce. Sai mutum ya haɗa sanin lafiya da hisabi da tattalin dukiya, ya shekara yana bin takardun waɗansu, sunansa kuwa ba ya tashi kamar na mai gano sabon magani. Duk da haka ya wajaba jami'o'i su ɗaukaka shi, musamman a ƙasar da baitulmalinta bai da yalwa, don kowane kuɗi da aka zuba a magani maras amfani an hana wani majinyaci ne. Sharaɗi ɗaya ne: kada abincin wannan malami ya fito daga aljihun masu sayar da magani. In mai awo ya ci na mai hatsi, mudu ba ya cika.

Saboda haka uban da ɗansa ya zaɓi wannan hanya, kada ya ce yaro ya bar asibiti ya koma takarda. Hukuncin da zai rubuta yana iya kai wa majinyatan da bai taɓa gani ba. Wassalam.