Sababbin Dabarun Kasuwanci Sun Shigo Kurmi, Ina Rabon Ɗan Arewa?

Duk wanda ya daɗe a Ikko ko Badun ya san sana'o'in da ke riƙe da mutanenmu a Kurmi: gadi, ga-ruwa, dako, shayi, canji, fataucin shanu da goro da kayan gwari, sa'an nan acaɓa. Yawancinsu ƙarfin jiki da riƙon amana kaɗai suke bukata. To, a shekarun nan masu jari sun shigo wa waɗansunsu da sababbin dabaru, har gardama ta kaure a unguwanninmu, waɗansu na cewa arziki ya zo, waɗansu na cewa an zo ƙwace lomar bakin talaka. A ganinmu duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa.

Mu ɗauki acaɓa. A 2018 kamfanin Gokada ya fara ɗaukar fasinja a Ikko ta hanyar wayar salula, a 2019 kuma OPay ya fito da nasa mai suna ORide. Fasinja ya kira daga ɗakinsa, babur ya zo ƙofar gida da hular kwano, wayar ce ke yanke kuɗin tafiya, babu ciniki. Lalle samari da yawa sun sami aiki, amma fa su wane ne? Su ne masu iya karanta taswira a waya, masu katin shaida, masu wanda zai tsaya musu. Yaron da ya sauko daga motar shanu jiya, ko da ya fi kowa iya tuƙi, sai dai ya tsaya a bakin titi yana kallon fasinjansa na wucewa a bayan wani.

Ran 1 ga Fabrairu 2020 Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a manyan sassan birnin, ba ta kuwa ware na kamfani ba. Nan ne bambanci ya fito fili. Gokada ya sallami ma'aikata da yawa ya koma kai saƙonni, OPay ya rufe ORide ya mai da hankali ga hada-hadar kuɗi. Watau mai jari ya sake riga ya ci gaba da harkarsa. Shi kuwa mai babur ɗaya, wanda sau da yawa bashi ya ci ya saya, ba shi da rigar sakewa. Da aka tsananta dokar a watan Yuni na 2022, babura fiye da 2,000 aka murƙushe.

Sai ga sana'ar POS. Tun 2013 Babban Banki ya ba da izinin wakilcin banki, amma sai a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya jawo ƙarancin kuɗi, kowa ya ga darajarta. Tebur, laima, da 'yar na'ura, shi ke nan mutum ya sami abin yi, kuma ita ce ke sauƙaƙa wa ɗan ci-rani aika kuɗi gida ba sai ya damƙa wa direba ba. Amma nan ma sai da lambar BVN da ta NIN da iya lissafi a rubuce, a 2024 kuma aka ce sai wakili ya yi rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni. Abin takaici, a kasuwannin da kayan Arewa suka cika, kuɗin namu ne ke yawo, amma sau da yawa ladan cirewa aljihun wani yake shiga.

Ashe ke nan dabara takan buɗe ƙofar aiki, sai dai mai takarda ne ke fara shiga. Saboda haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun, da shugabannin kasuwar Mile 12, su farfaɗo da ajin dare irin na Yaƙi da Jahilci, a koya wa samari boko da lissafi da sarrafa waya. A kuma kafa ƙungiyoyin gama-kai masu rajista waɗanda za su tsaya wa yaro in kamfani ya nemi mai tsaya masa, su raka baƙo ya yanki katin ɗan ƙasa tun makon da ya sauka.