Kimiyya a Sauƙaƙe: Yadda bushewa ke sauya halin fallen leda

Duk wanda ya zauna a ajin kemistiri ya san yadda ake raba gishiri da ruwa: a bar ruwan ya ƙafe, gishirin ya zauna. Da yawanku kun haddace wannan saboda WAEC da NECO kun wuce. Amma akwai tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba: shin saurin ƙafewar yana da wani tasiri? Yana da shi ƙwarai. Ruwan gishirin da ya ƙafe a hankali yakan bar manyan ƙwayoyi masu kusurwa kamar ƙananan akwatuna, wanda aka ƙafar da wuta kuwa gari yake bari. Waɗannan ƙwayoyi masu tsari su ake kira kiristal. Yau za mu bi wannan magana zuwa masana'antar leda.

Leda tana cikin dangin da ake kira folima. A 1920 wani masanin Jamus, Hermann Staudinger, ya ce waɗannan abubuwa dogayen sarƙoƙi ne na ƙananan ƙwayoyi da suka kama juna. Abokan aikinsa sun daɗe suna musa masa, sai a 1953 aka ba shi kyautar Nobel a kan wannan aiki. Sitaci folima ne, zaren auduga ma haka.

Ɗaya daga cikin hanyoyin yin siririn falle ita ce a narkar da folima a wani ruwa, a zuba a kan abu mai santsi, a bar ruwan ya tashi. Haka kamfanin Eastman ya riƙa yin fim ɗin ɗaukar hoto da ya fara sayarwa a 1889, a kan dogayen teburan gilashi. Ruwan narkarwar ba lallai ya zama ruwan sha ba. Yana iya zama asiton, wanda ke cikin ruwan goge jan farce, yana tafasa a digiri 56 kacal, saɓanin ruwa da sai ya kai 100. Shi ya sa asiton ke bushewa nan take.

To me ke faruwa a ciki? Muddin ruwan yana nan, sarƙoƙin suna da sararin motsi. Da ya fara raguwa sai su matso kusa, wasu su jeru gefe da gefe. Ku tuna da taron safe a makaranta. Idan an ba ku lokaci, kowane aji zai yi layi miƙaƙƙe. Idan kuwa aka busa usur kuna tsakiyar gudu aka ce kowa ya tsaya inda yake, sai a ga cincirindo kawai. Bushewar gaggawa ita ce usur ɗin: sarƙoƙin sukan daskare a cukurkuɗe, ko su yi ƙananan kiristal barkatai. Bushewa a hankali tana ba su damar yin manya masu tsari.

Sai dai sarƙa mai tsawo ba ta miƙewa ɗoɗar. A 1957 Andrew Keller na Jami'ar Biristol a Ingila ya nuna cewa sarƙar tana ninkuwa ne gaba da baya, kamar yadda ɗan kasuwa ke ninke atamfa, ta yi faifai mai kaurin nanomita 10 ko kusa da haka. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Faya-fayan nan sukan yaɗu daga tsakiya zuwa kowane ɓangare su yi dunƙule. Tsakaninsu kuma kullum akwai zaren da ya rage a hargitse, don haka babu fallen da ke zama kiristal ɗari bisa ɗari. Wasu folima ma, irin wadda ake yin farin soson da ke cikin kwalin talabijin da ita, ko shekara aka ba su ba za su jeru ba, domin sarƙarsu ba ta da tsari tun asali.

Kada ku ɗauka kiristal mai yawa shi ne mafi kyau a koyaushe. Yana sa falle ya yi ƙarfi, ya hana iska da danshi ratsawa. Amma idan dunƙulen suka girma sukan watsa haske, fallen ya yi hazo, wani lokaci ya riƙa tsagewa. Akwai folima mai suna PVA da ake narkarwa a ruwa. Da ita ake naɗe ƙullin sabulun injin wanki, kuma dole ƙullin ya narke ko a ruwan sanyi. Kiristal ya yi yawa, sai a tarar da guntun leda manne da tufafi. Fuskar waya ko kwamfuta irin ta LCD ma tana da fallen PVA mai tace haske, an rufe shi da wani fallen da aka zuba aka busar. A nan ɗan hazo kaɗan ya isa a jefar da kaya.

Gaggawa tana da wasu matsaloli biyu. Saman kan riga ƙasa bushewa ya yi fata, kamar yanar da ke kan kunu, ya kulle sauran ruwan a ciki har ya yi kumfa. Na biyu, tashin ruwa yana sanyaya wuri, dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi ke nan. Idan asiton ya tashi da sauri a rana mai danshi, raɓa takan sauka a kan fallen ta bar shi fari-fari.

Ga gwajin mako. Ku dama cokali ɗaya na sitacin rogo a rabin kofin ruwa, ku sa rabin ƙaramin cokali na gilisarin daga kantin magani, ku dafa kuna juyawa har ya yi kauri ya washe. Ku shafa shi siriri a farantan roba biyu. Ɗaya a bar shi a iska, ɗaya a kife shi da kwano a bar 'yar kafa. Bayan sun bushe ku ɓamɓare su, ku ɗaga wa haske, ku lanƙwasa, ku rubuta bambancin da kwanakin da kowanne ya ɗauka. Ku haɗa da ruwan gishiri a wasu faranti biyu, domin a nan ne ido zai fi ganin kiristal ɗin. Da damina na rufen yana iya yin fumfuna, lokacin hunturu ya fi dacewa. Ban yarda kowa ya gwada da asiton ko fetur a gida ba, suna kama wuta kuma tururinsu na cutarwa.

Wanda ya kawo sakamako mai kyau tare da sa hannun malaminsa, za mu buga shi a wannan fili.